Maganin Saiwa

Duk Kende an san Badamasi tela da abu biyu. Hannunsa ba ya karkacewa in ya riƙe almakashi, bakinsa kuma ba ya buɗewa sai dole. Za ka kawo masa yadi ka yi ta zuba, wuya kaza, aljihu kaza, ya ɗaga kai ya dube ka ya ce "To," shi ke nan an gama hira. Ka dawo ka tarar da rigarka yadda kake so, har da abin da ka manta ba ka faɗa ba. Matarsa Safina ce ke yi musu maganar su biyu, kuma wallahi ba ta taɓa gazawa ba.

Ita Safina daga ƙetaren iyaka aka ɗauko ta, wani ƙauyen Dendawa can bayan Lolo, cikin ƙasar Benin. Ta zo da tukwanenta, da Hausar da ba ta zauna mata a baki ba tukuna, da ƙullin wake a bakin zane. Dunguri take ce masa da yarensu. Ja ne mai ɗigon fari, manyan ƙwaya, ga saurin dahuwa, ga wani garɗi da ba ka samu a waken kasuwa. Kowace damina sai ta shuka shi a bayan ɗaki, ya bi darni ya lulluɓe. Ba ya gaggawa, ba ya fure sai ruwa ya fara ja baya, har Badamasi kan ce waken nan ya ɗauko halin mai shi wajen shirin unguwa.

Tun daga ranar da aka kawo ta har ranar da aka fitar da ita, bai taɓa kiran sunanta ba. Kunya ce irin ta mutanen da, ga ta matar fari, ita ce kuma ta ƙarshe. In yana cikin raha ya ce "'Yar Dendi", in yana sauri ya ce "Ke", in a waje ne ya ce "mutanen gida". Ita kuwa ba ta bar shi ya huta ba.

"Malam, sunan ga nawa ba shi cizo hwa," takan ce. "Gwada shi sau guda ka ji."

Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keke yana murmushi.

Bayan kaka ta kwanta, ciwon bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yansu maza suka zo daga Kudu, aka yi zaman makoki, suka koma wurin nemansu. Autarsu Mashkura ta ɗan ƙara kwanaki, ita ma ta koma Zariya inda take karatun tsirrai a jami'a. Gida ya rage daga Badamasi sai keken ɗinki, shi ma keken ba kullum yake motsi ba, don ido ya fara ja, samari kuma sun koma sayen ɗinkakku. Maƙwabciyarsu Barira, tsohuwar ƙawar Safina, ita ke miƙo masa tuwo ta saman darni. Ya karɓa, ya ce an gode, ya zauna ya ci shi kaɗai yana jin ƙarar taunarsa. La'asar ce ta fi yi masa ciwo, lokacin da a da ake ba shi labarin duk abin da ya faru a gari ko bai tambaya ba. Kaɗaici ya ishe shi ƙwarai, amma bai faɗa wa kowa ba.

Da ruwan fari ya sauka ya tuna da dunguri. Safina kan zuba irin a tulu, ta cakuɗa da toka da barkono, ta liƙe bakin da laka. Ashe a zaman makoki masu girki sun fasa liƙin sun ɗiba, suka kifa faifai a kai kawai, shi kuwa ina ya san ana sake liƙewa? Da ya sa hannu sai ya ji laushi. Ƙwari sun mai da waken gari, ko ƙwaya ɗaya mai rai bai samu ba, ya tankaɗe ya sake tankaɗewa har hannunsa ya yi fari.

Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya hau kabu-kabu har Lolo, ya ƙetara, ya nemi ƙauyen surukansa. Tsofaffin da suka san shi duk sun tafi. Matasan suka karɓe shi da mutunci, suka ba shi ruwa, amma da ya ce dunguri ja mai ɗigo sai suka dubi juna. Ai an daɗe da barinsa, in ji su, yanzu auduga ake yi da waken suya, wa zai tsaya jiran wake mai nawa? Wata tsohuwa ta ce ta san shi, ta yi ta kwatanta daɗinsa har da lumshe ido, amma ko a gidanta babu. Haka ya dawo hannu biyu, ya shiga gida babu mai ce masa sannu da hanya.

Kwatsam wata safiya ya ga tsiro a gindin turmi, daidai inda Safina ke zama ta tsince wake. Ƙwaya ɗaya ce ta faɗi tun bara ta shige ƙasa. Da ganyen ya buɗe ya ga jan kara, ya gane shi. Kai, ranar Badamasi har waƙa ya yi ƙasa-ƙasa! Ya janye turmin, ya kafa sanda, ya yanko tsummoki masu laushi ya riƙa ɗaure yaɗon a hankali. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya da daɗin rai ba ya koma kullum yana tsugune gaban wake. Barira ta leƙo ta ce, "Tela, noma ka koma da tsuhwa?" Ya ce mata, "Uhm."

Waken ya yi kyau, ya hau sanda ya kama darni. Saura ya jira kaka ya yi fure, ya ba da ko tafi ɗaya ne na iri, shi ke nan an tsira. Sai ga ruwan tsakiyar damina, aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, tsakar gida ta zama tafki. Da ruwan ya janye, gindin waken ya yi baƙi, ya yi laushi kamar an dafa. Ganyen ƙasa suka fara rawaya. Ko wanda bai san noma ba ya san wannan ba zai kai kaka ba.

Ya ɗauki wayarsa ya hau tudun bayan masallaci, nan ne kawai take kamawa sosai, ya kira auta.

"Gindin ya ruɓe," ya ce mata bayan gaisuwa. "Waken uwarki."

Mashkura ta tambaye shi ko saman yana nan kore, ya ce yana nan. Sai muryarta ta sake.

"To Baba, ba mu rasa shi ba. Yanka za ka yi ka dasa."

"Wake? Kamar rogo?"

"Kamar rogo. Ai aikin da nike yi ke nan kullum. Kowane tsiro akwai wani abu da shika yi can bisa ga toho, shi gangaro ƙasa. In anka yanke reshe, abin sai shi taru bakin yankan, shi ka sa reshen shi hidda saiwa. Mu kuma muna da irinai na kwalba, muna tsoma gindin ciki don a taimaka mishi shi yi sauri."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya zaɓi rassa masu lafiya, ya yanka a karkace ƙasa da gaɓa, ya cire ganyen ƙasa ya bar na sama. Ya tsoma gindin a magani, ya soka a yashin gulbi mai damshi, ya ajiye a inuwa. Wannan duk Badamasi ya riƙe, don yanka da awo sana'arsa ce. Sunan maganin ne ya gagare shi. Ta faɗa, wani abu na Turanci mai tsawo kamar igiyar guga, ta sake faɗa, bai kama ko kansa ba.

"Baba, maganin saiwa na dai," ta ce tana dariya. "Ka tambaya Bagudo wurin masu maganin gona. Kaɗan aka sawa. In kuma ba ka samu ba..."

Nan layin ya yanke. Ya ɗaga wayar sama, ya juya gabas ya juya yamma, shiru. Ya san tana cikin jarrabawa, shi kuma ba mai son takura wa yaro ba ne. Ya ce a ransa ai ya ji abin da ake bukata.

Ranar kasuwa ya shiga Bagudo. Shagon Abdulganiyu mai maganin gona ya cika maƙil da manoman shinkafa, kowa da jarkarsa, ana ta hayaniyar ciyawa ta ci fadama. Badamasi ya tsaya gefe da hularsa a daidaice har aka zo kansa.

"Maganin saiwa nike so."

"Akwai, Baba," in ji Abdulganiyu, saurayi mai fara'a da saurin hannu. "Itace na ko ciyawa?"

To fa. Da a nan ya buɗe baki ya ce wake ne guda ɗaya, na matata da ta rasu, so nake ya yi saiwa, da labarin ya ƙare lafiya. Amma ya dubi mazajen da ke kewaye da shi, masu kadada-kadada, duk sun yi shiru suna jira a sallame shi. Ya za a yi dattijo da furfura ya ce ya taso tun daga Kende saboda tsiron wake guda? Kuma a gaban jama'a ya kama zancen matarsa? Kunya ta kama shi.

"Mai yaɗo na," ya ce.

"Ganye da hwaɗi?"

"Da hwaɗi."

"Ai ka zo wurin. Wanga ba shi tsayawa ga ganye, bi shikai har ƙasa sai ya kai ga saiwa."

"Sai ya kai ga saiwa?"

"Aradu, Baba. Kaɗan za ka sa, ka ga aiki."

Da ya ji "kaɗan", irin kalmar da auta ta faɗa, sai hankalinsa ya kwanta. Abdulganiyu ya tsiyayo masa daga wata babbar jarka cikin 'yar kwalbar lemo, ya ɗaure da leda. Ka ji fa, babu wanda ya yi wa wani ƙarya a cikinsu, kowa Hausa ya yi, kuma kowa ya tafi yana ganin an fahimce shi.

Washegari da hantsi ya shirya kamar zai yanka shaddar ango. Ya wasa almakashi, ya rataya tef a wuya, ya jera gwangwanayen madara cike da yashi. Ya zauna a inuwar ɗakin Safina, kusa da wata tsohuwar randarta mai tsaga a baki, wadda ke ƙarƙashin indararo tana tarar ruwan sama. Ya zuba maganin a kofi, ya ƙara ruwa. Warin ya bugi hancinsa har ya kau da kai, amma ya ce magani dama ba ya ƙamshi. Ya duba ya ga kamar ya yi tsararo, ya ƙara kaɗan. Kaɗan ɗin tela da kaɗan ɗin masu binciken tsirrai kuwa ba ɗaya ba ne.

Ya bi waken reshe-reshe ya yanko duk mai lafiya, bai bar komai ba sai uwar da 'yan ganye. Tela ne, ba zai iya ganin abu wani dogo wani gajere ya ƙyale ba, don haka ya sa tef ya daidaita su tsawo ɗaya, ya datse abin da ya yi saura. A wurin aikinsa buhun ƙyalle kullum yana hagunsa, hannunsa ya saba, in ya datse sai ya wurga hagu ba tare da ya duba ba. Yau randar ce a hagu. Guntayen suka riƙa faɗawa ciki, shi bai ma lura ba.

Ya tsoma kowane reshe ya bar shi ya sha sosai, ya soka a yashi da bismilla. Da ya gama sai ga sauran magani a kofi. Ya dubi uwar waken da baƙin gindinta, tausayi ya kama shi. Ita ce ma ta fi kowa bukatar saiwa, in ji shi a ransa. Ya tsuguna ya juye mata duka a gindi, har yana shafa ƙasar da tafin hannu. Sannan ya ɗauraye kofin a randar, ya kife shi, ya je ya yi alwala da zuciya fari tas.

Kafin la'asar ɗin washegari rassan sun fara lanƙwasa. Ya yi murna, ya ce magani ya fara aiki. Da aka ƙara kwana sai suka murɗe kamar igiya, ganyen suka dunƙule suka kifa, karan ya kumbura ya tsattsage. Uwar ma haka, ta sake sandar da ta riƙe, ta zube ƙasa. Ya ƙara ruwa, ya sauya musu inuwa, ya yi duk addu'ar da ya sani. Daga baya ya zaro guda ɗaya ya duba. Babu saiwa ko ta rantsuwa, sai wani ruɓaɓɓen kumburi mai wari.

Ya hau tudun bayan masallaci ya kira auta.

"Sun murɗe, Auta. Duka."

"Murɗewa? Baba, mi anka ba ka? Mi an rubuce ga kwalbar?"

"Ba rubutu. Kwalbar lemu ta."

"To mi ka ce ma mai shagon?"

"Abin da kinka ce. Maganin saiwa."

Ya ji ta ja numfashi.

"Baba," ta ce a hankali, "maganin sauro, mi shika yi ma sauro?"

Badamasi ya tsaya da waya a kunne. Maganin sauro, maganin ɓera, maganin ciyawa. Inna lillahi! Abin da yaron goye ya sani. Ya tuna fuskar Abdulganiyu yana cewa sai ya kai ga saiwa, ya tuna hannunsa yana shafa ƙasar gindin waken kamar mai lallashi.

"Uwar hwa?" in ji Mashkura. "In uwar na nan, ko toho guda..."

"Na zuba mata sauran."

Sai ta fashe da kuka. Tana cewa laifinta ne, ita ta faɗi sunan a haka, da ta sani da ta bar jarrabawar ta taho da na wurinsu, ai ko a ruwa zalla ya sa su da wasu sun yi, abin da take shirin faɗa masa ke nan layi ya yanke. Ya bar ta ta yi mai isarta.

"Ba laihinki ba na," ya ce. "An tambaye ni. Ni na ƙi hwaɗi."

Ya sauko ya koma gida. Bai taɓa gwangwanayen ba, ya bar su a jere da busassun karare a tsaye. Mutuwar Safina ta dawo masa sabuwa, har ta fi ta farko ciwo, don waccan Allah ne ya yi, wannan kuwa da hannunsa ya auna ya zuba. Matar ta ɗauko abin nan tun daga gidan ubanta, ta raya shi shekara da shekaru, fari bai ci shi ba, ambaliya ba ta ci shi ba, sai da ya faɗo hannun mijinta. Tuwon Barira ya riƙa komawa da saura. In ta yi magana ya ce ba komai. Keken ɗinki ya yi ƙura, mai gyaran wando ma in ya yi sallama sai ya ce a dawo wani lokaci. Yakan zauna a bakin ƙofa daga azahar har inuwa ta ƙetare tsakar gida, ba ya jiran kowa.

Barira ce ta tashe shi, ba da lallashi ba.

"Tela! Wai randar ga taka gonar sauro ka buɗe? Sun hana mu sakat! Ka zubar da ruwan ga ko in ƙetaro in hwasa ta!"

Ya tashi ba don yana so ba. Ya kama bakin randar zai karkata, sai ya ga kore a ciki. Guntayen nan ne da ya datse, suna yawo a kan ruwa. Yawancinsu sun ruɓe sun yi yauƙi. Ya sa hannu zai kwashe ya watsar, sai ya ji wani abu ya sarƙe masa yatsa kamar zare. Ya ɗaga zuwa haske, ya matso da shi kusa da idonsa mai rauni.

Saiwa ce. Farare tas, sirara, sun fito ta gefen gaɓa kamar gemun ɗan akuya, ga wani ɗan toho a sama bai kai ƙwayar gero ba. Ya sake lalubawa da hannu biyu, a hankali, yana riƙe numfashi. Ya samu na biyu. Sauran babu.

Abin da ya fara yi, Allah ya sani ba da niyya ba, juyawa ya yi wajen ƙofar ɗakin Safina da abin a tafin hannu ya ce, "Ke, zo ki gani." Labulen ne kawai ya motsa. Ya daɗe tsaye a wurin, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannunsa.

Ya sa su a ƙwarya da ruwa, ya rufe da faifai, ya hau tudu kusan da gudu, tsoho da shi. Mashkura ta sa shi ya maimaita mata har sau nawa. Ta tambayi yadda aka yi suka shiga randa, da abin da ya taɓa ruwan. Da ya ce a ciki ya ɗauraye kofin sai ta yi wata dariya mai haɗe da kuka.

"Baba, ka san wani abu? Maganin ga da anka ba ka da wanda ni ce ka sawo, dangi guda na. Duk kwaikwayon abin nan na da tsiro ka yi da kainai. In ya yi yawa shi haukata tsiro har shi mutu, in ɗan ɓurɓushi na cikin ruwa mai yawa sai shi sa saiwa. Wataƙila ɗaurayar kohin ta, wataƙila kuma waken na ya yi abinai. Ban iya rantsuwa."

Shi dai bai damu da wanne ne ba. Ya tambaye ta yanzu me zai yi, ya ce kuma ta faɗa da Hausar da ba ta da baki biyu. Ta ce ya haɗa yashi da ƙasa mai taki a tukunya mai huji, ya dasa ba tare da ya karya saiwar ba, ya ɗaga tukunyar sama inda ruwa ba ya kwanciya. In sun kama, akwai sauran lokaci, za su iya fure kafin ruwa ya ɗauke.

"Amma don Allah kak ka aje su wuri guda," ta ce. "In wani abu ya sami ɗaya, a samu ɗaya. Ka kai ma Inna Barira guda, hannunta na da kyau ga shuka."

Da la'asar ya ɗauki ɗaya a ƙoƙo, ya rufe da tafin hannu kamar mai ɗauke da fitila a iska, ya zagaya ƙofar gidan Barira ya yi sallama. Ta fito tana gyara lulluɓi, da mamaki, don tun rasuwar bai taka ƙofar ba.

"Lahiya, Tela? Ka zubar da ruwan?"

Ya miƙa mata ƙoƙon. Ta leƙa, ta ga ɗan guntun kara da ganye ɗaya da rabi, ta taɓe baki.

"Wanga hwa? Mi za ni yi da shi?"

"Dasawa."

"Ikon Allah. Wake na? Ni mai wake hal bayan ɗaki, awaki na ci ina kora? Aje shi nan, in na samu wuri in soka."

Ta nuna masa gindin bango, inda kaji ke tono. Badamasi ya dubi wurin. Ya ji bakinsa na shirin cewa "To," kamar kullum, ya juya ya tafi. Ya san in ya yi haka, kafin magariba kaza ta gama da shi, kuma ba laifin Barira ba ne, kamar yadda ba laifin yaron shago ba ne. Gumi ya keto masa. Ya riƙe ƙoƙon gam, ya kafa ido a ƙasa.

"Ba waken kasuwa ba na," ya ce. "Dunguri na. Shi kaɗai ya rage, da ɗan'uwanai. Ko can garinsu babu." Ya ɗago kai ya dube ta. "Na Safina na."

Barira ta zuba masa ido. Shekarun da ta yi tana maƙwabtaka da su, ta sha jin ƙawarta na tsokanarsa a kan sunan nan, ta sha yi musu dariya ta saman darni, ba ta taɓa ji ya fito daga bakinsa ba. Ta ja bakin lulluɓi ta rufe fuska. Da ta sauke, idonta jawur, ta goge hannuwanta biyu a zane kafin ta karɓi ƙoƙon.

"Kawo," ta ce. "Ɗakina za shi kwana. Akuyar da ta dube shi ma sai na sai da ta."

Ya koma gida. Rana ta yi sanyi, tsakar gida shiru kamar kullum, ga gwangwanaye a jere, ga turmi a inda ya janye shi. Ya kwashe busassun kararen ya zubar, ya nemo tukunyar miyar Safina da ta huje, ya haɗa ƙasa yadda auta ta ce. Ya yi rami da ɗan yatsa, ya zaunar da saiwoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai zura zare a allura. Sunan yana nan a bakinsa, bai cije shi ba, kamar yadda ta sha gaya masa. Baƙin ciki ya taso masa, don da ya san haka yake da sauƙi da ya faɗa tun tana ji.

"Safina," ya sake cewa, da ƙarfi wannan karon, yana fuskantar ɗakin.

Ba wanda ya amsa. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗora tukunyar a kan turmi, ya je ɗebo ruwa.